Neman lensi mai faɗi don ɗaukar sorayen birnin Zazzau

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Aikin da na sa a gaba daga yanzu zuwa azumi shi ne ɗaukar hotunan cikin tsofaffin zauruka da sorayen ƙasa na birnin Zazzau. Bayan damina ne masu gida ke duba ɓarnar da ruwa ya yi, su yanke shawara ko a yi yaɓe ko a rushe a sa bulo da kwano, kuma a abin da idona ke gani rushewar ta fi yawa. Fuskar gida da zankwayenta an ɗauka har an gaji. Ni ciki nake so: bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan ƙasa da ke riƙe da rufi, jerin azara a rufi, da zanen da ke jikin bango.

Kayan aikina Canon 80D ce da lensin da ta zo da shi, 18-55mm, sai 50mm f/1.8 da nake neman abinci da shi a gidajen biki. Babu wanda zai iya wannan aiki a cikinsu, kuma lissafi ne ya nuna haka. Faɗin sensar 80D, wato farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara, milimita 22 ne da 'yan kai, tsayinta kusan 15. In kana son sanin faɗin bangon da zai shiga hoto, ka ninka nisan da ke tsakaninka da bangon da faɗin sensa, ka raba da milimitar lensi. Daga mita 4, lensi na kan 18mm, abin da zan samu kusan mita 5 ne a faɗi, mita 3 da ɗan ƙari a tsayi. A kan 10mm kuwa kusan mita 9 ne da mita 6. Zaurukan da na auna a Kwarbai da Kusfa yawancinsu mita 4 zuwa 5 ne daga ƙofa zuwa bango, tsakiyar tulluwar kuma ta kan kai mita 4 daga ƙasa. Ko na manna bayana da bango, 18mm sai dai ya ba ni gindin baka ko ƙoƙonta, ba ya haɗa biyun.

Ƙanena ya ce me ya kai ni wahala, wayarsa na yin wannan. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin idon 0.5 da iPhone ke zuwa da shi tun daga 11 daidai yake da 13mm a babbar kyamara. Zan riƙa leƙa ɗaki da waya don in san inda zan tsaya. Amma a duhun zaure ƙaramar sensar waya shafe jikin yaɓe take yi ya koma sumul, alhali sawun hannun magini a jikin bango na cikin abin da na je nema.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kafin zancen wane lensi, akwai tambayar da ta fi shi girma: in zauna a kan ƙaramar sensa irin ta 80D ne ko in koma babba irin ta kyamarar Canon 6D?

Maigidana da ya koya mini hoto a Tudun Wada bai tsaya kwana-kwana ba. Ya ce, "Kai, sayar da wannan, ka nemo 6D ta hannu, ka ɗora mata 16-35 f/4, ka huta." Na ce, "Maigida, da kuɗin wa?" Babu abin kushewa a shawararsa. EF 16-35mm f/4L IS lensi ne na kirki, kusurwoyin hotonsa tas suke, ga na'urar hana rawar hannu, nauyinsa giram 615. Sai dai dala 1,199 aka sa masa da ya fito a 2014, na hannu ma bai faɗi warwas ba, ga dala a wannan Nuwamba ta 2024 ta haura naira 1,600. Yayansa 17-40mm f/4L na 2003 ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma jan zoben nan na bakinsa, alamar manyan lensin Canon, na jan hankalin masu hoto da yawa a nan. Abin da ake mantawa shi ne ƙaramar sensar Canon ninka milimita take yi da 1.6. In na ɗora 17mm a kan 80D ya zama kamar 27mm, wato inda 18-55 ɗina ya riga ya tsaya. Duk wanda ya sayi lensin babbar sensa don neman faɗi, to ya sayi dalilin sayen wata kyamarar ne.

Tsoron da ake ba mutum game da lensin EF-S, wato wanda Canon ke yi don ƙaramar sensa, shi ne ba ya shiga bakin 6D ko 5D, saboda haka ran da ka canza kyamara ka yi asara. Gaskiya ne ba ya shiga. Amma tun 2018 Canon ta karkata ga kyamarori marasa madubi, kuma adaftar da ke haɗa tsofaffin lensi da sababbin na karɓar EF-S. R7 da R10 ma ƙaramar sensa gare su. Wannan tsoro bai isa ya sa in ci bashi ba. Ina nan kan 80D.

Waɗanda suka rage a takardata: Canon 10-18mm f/4.5-5.6 IS STM na 2014, giram 240 kacal, wanda sabonsa dala 299 ne da ya fito. Canon 10-22mm f/3.5-4.5 na 2004, ya fi shi jiki da haske amma ba shi da maganin rawar hannu. Tokina 11-16mm f/2.8, wanda ya haura rabin kilo, da ƙanensa 11-20mm. Akwai Sigma 10-20mm iri biyu, f/4-5.6 da f/3.5. Tamron 10-24mm na 2017 a takarda shi ya haɗa komai, faɗi da tsawo da hana rawa, amma na tambaya a Kano da Kaduna ban ci karo da na hannu ba, ni kuwa ba zan sayi abin da ban riƙe na gwada ba.

Kusan duk wanda na tuntuɓa Tokina ya ce, kuma hujjar ɗaya ce: f/2.8, wato buɗin da ke shigar da haske mai yawa, domin ƙaramar lamba ta fi babba buɗewa, zaure kuma da duhu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Wani abokina mai ɗaukar bidiyo ya ara mini Tokina 11-16 ɗinsa zuwa tsakiyar watan gobe. A hannu ka san ka riƙe kaya. Zoben fokas ɗinsa ja ake yi baya a koma saiti da hannu, a tura gaba ya koma na kansa. Na fahimci abin da ya sa 'yan bidiyo ke sonsa.

Na gwada shi a wani zaure da haskensa bai wuce na ƙofa da wata 'yar taga can sama ba. A f/2.8 da ISO 800, wato ƙarfin jin haske na sensa, kyamara ta ba ni 1/30 na daƙiƙa, wanda hannu zai iya riƙewa lafiya. Tsakiyar hoton ya fito ras. Matsalar ita ce a ginin ɗaurin guga, ƙafafun baka daga jikin bango suke tasowa su haɗu a sama, saboda haka abin da nake so a gani yana gefe da kusurwar hoto ne, tsakiya kuwa sau da yawa bango ne kawai. Kowane lensi mai faɗi, in ka buɗe shi iyaka, kusurwa ce ke fara laushi. Da na kafa sandar ƙafa uku na rufe zuwa f/8, na mai da ISO 100, na bar shi ya sha daƙiƙa biyu, sai ga zanen kusurwa ya fito har da tsagar da ke jikinsa. A 11mm da f/8, in ka sa fokas a mita 1, komai daga rabin mita har iyakar gani a saiti yake.

Ke nan duk hoton da na ajiye yau a f/8 na ɗauke shi. Gini ba ya motsi. Haske kaɗan ne a ɗakin, amma lokaci na da yawa, kuma lokaci kyauta ne, f/2.8 kuwa da kuɗi da nauyi ake sayensa. Wannan ya rage wa hujjar mutane ƙarfi sosai a wurina.

Abin da ya fi duhun wahala shi ne ƙofar kanta. Waje rana ce tsaka, ciki duhu, babu sensar da za ta ɗauki biyun a ɗauka guda. In ƙofa ta shiga hoto sai hasken ya yi feshi, ya bar wani hazo-hazo a bangon da ke kusa da ita, gefen ƙofar kuma ya yi layin shunayya. Layin, da dannawa ɗaya yake fita a Lightroom, manhajar gyaran hoto. Feshin ba ya fita, sai dai ka canza wurin tsayuwa ko ka sa wani ya riƙe tabarma daga waje ya tare ranar. Don bambancin haske, na koma ɗaukar kowane hoto sau uku, da tazarar mataki biyu tsakaninsu, kowane mataki kuwa ninka haske ne sau biyu, in haɗe su a kwamfuta. Wannan ba aikin lensi ba ne, kuma ko wanne na saya haka zan ci gaba da yi.

Talata, 3 ga Disamba

Na tafi da Tokina wani kamu ranar Asabar, tunda ko me na saya dole ya taimaka wajen mai da kuɗinsa. A nan f/2.8 ya nuna amfaninsa. Mutane na rawa ana liƙi, kana bukatar 1/125 ko fiye, kuma na'urar hana rawar hannu ba ta hana amarya motsi. Hoton zauren taro gaba ɗaya, da ado da fitilu, ya yi kyau ƙwarai.

Jerin ƙawayen amarya kuwa na ɗauka iri biyu da gangan, a 11mm da 16mm. A na farkon, waɗanda ke bakin layi dama da hagu fuskarsu ta baje, kafaɗa ta yi faɗi. Ba lahani ba ne a jikin lensin, haka lissafin duk lensi mai miƙe layi yake: abu mai zagaye in ya yi nisa da tsakiyar hoto sai ya miƙe. A 10 ko 11mm, kan da ke can gefe na ƙaruwa da kusan rabin faɗinsa. A 18mm ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Babu matar da ta ɗinka anko ta biya mai kwalliya da za ta yafe maka wannan. Na 16mm kawai na tura musu.

Wato a biki faɗin gaske na hoto biyu ko uku ne, sauran duk a 16 zuwa sama ake yin su, kuma ina da filasha. Biki ba zai zaɓa mini lensi ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Wannan makon a kan layi na ƙare, kuma ina ganin nan ne zuciyar aikin.

Lanƙwasa iri uku ce ke shiga hoton cikin soro. Ta farko ta lensi ce: a mafi faɗinsa, miƙaƙƙen layi da ke kusa da gefe na yin ciki waje. Wannan an riga an auna ta, Lightroom na da ma'aunin kowane ɗaya daga cikin lensin da ke takardata, kana kunnawa take gyaruwa. Ta biyu ta mai hoto ce: da ka ɗaga bakin kyamara sama don ka kamo rufi, bangaye sai su kifo ciki kamar za su haɗe. Ta uku ta magini ce. Bangon tubali a gindi ya fi kauri, yana tashi yana sirancewa, kusurwa ba ta da kaifi, baka kuma ba da kamfas aka zana ta ba, azara ce aka jera hawa-hawa kowace ta ɗan leƙo gaban 'yar'uwarta, aka ɗaure aka lulluɓe da ƙasa. Wannan ta ukun ita ce aikin, ba a taɓa ta.

Hatsarin shi ne manhajar miƙe gini ba ta san bambancin ta biyu da ta uku ba. An gina ta ne a kan cewa kowane bango a tsaye yake ƙyam, irin na siminti. Na gwada mata hoto ɗaya don in gani, ta miƙe bangon tsaf, ta ba ni ɗakin da babu shi a duniya. Wanda zai duba hotunan nan bayan shekara talatin, lokacin da soron ya tafi, ba shi da hanyar gane cewa karkatar da aka goge ta maginin ce. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu an yi sa'a, masanin gine-gine Dmochowski ɗan ƙasar Folan ya auna shi ya zana, har aka yi kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Zauren malamin unguwa babu mai zuwa da tef ya auna shi. Hoton shi ne kaɗai shaida, saboda haka kada ya yi ƙarya.

Dokar da na kafa wa kaina: kyamara a daidaice, ba sama ba ƙasa. Ma'aunin cikin 80D karkatar dama da hagu kawai yake nunawa, don haka na sayi ɗan ma'aunin ruwa da ake maƙalawa a mazaunin filasha. A hoton farko na kowane ɗaki kuma ina rataya zare da ƙaramin dutse a tsakiya, don a sami layi ɗaya da aka tabbatar a tsaye yake.

In kyamara na daidaice, rabin hoton daɓe ne, sai an yanke. Kuma a nan ne milimita ɗaya ta zama magana. Tsakiyar tulluwa na kamar mita 2 a gabana. In na juya kyamara a tsaye na ɗaga sanda zuwa mita 2, 11mm na kai ni tsayin mita 4 da ƙyar, 10mm kuma ya ƙara mini santimita 20, kimanin taƙi guda. A wannan taƙin ne tasar da ake kafawa a mahaɗar baka take. Da Tokina sau da yawa bakin tasar nake kamowa, ko in rasa ta. Akwai lensin da aka yi musamman don wannan, TS-E 17mm mai zamewa sama ba tare da an ɗaga kyamara ba, amma kuɗinsa ya haura dala 2,000, kuma a kan 80D faɗinsa ya tafi. Yanke daɓe ya fi mini sauƙi. Daga megafiksil 24, ko na zubar da kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage ya isa bugawa.

Na nuna wa wani dattijon magini hoton zauren da shi ya yi masa yaɓe bara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, wannan ai fada ka ɗauko. Zauren nan mutum goma ya cika shi." Na ce, "Baba, gilashin ne ke buɗa shi." Ya ce to a gaya wa masu kallo. Maganarsa ta ƙara mini doka ta biyu: kowane ɗaki zai sami hoto mai faɗi, da wani a 16 ko 18mm wanda ya fi kusa da yadda ido ke gani, da wani da mutum ke zaune a tsakiya don a san girman wurin. Ke nan ƙarshen zum ɗin ma na da aiki, ba farkonsa kaɗai ba.

Na mayar wa abokina kayansa. Saura 10-18 da 10-22.

Asabar, 21 ga Disamba

Kano. Wani Alhaji mai sayar da kayan hoto na hannu ya fito mini da abin da yake da shi, ya ba ni kujera a bakin shago. Na ce, "Alhaji, zan ɗan ɓata maka lokaci." Ya ce, "Malam, duba da kyau, wanda bai duba ba shi ke dawowa da rigima."

Yadda nake dubawa: in cire murfi biyu in haska fitilar waya ta baya, in leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan a ciki ba komai ba ce. Abin gudu fumfuna ce, zare-zare fari mai rassa, wadda ke kama lensin da ya daɗe a wuri mai danshi, kuma in ta ci shafen da ke jikin gilashin ko an wanke tabon na nan. Sannan in duba gilashin gaba, domin a lensi mai faɗi, in ka rufe zuwa f/11 ka fuskanci haske, tabon da ke gaba na iya fitowa a hoto, abin da ba ya faruwa a dogon lensi. Daga nan sai gwajin kusurwa: in zaɓi abu mai nisa, yau hasumiyar wani masallaci ce, in sa fokas a kanta in kulle, in ɗauke ta a kowace kusurwa huɗu. In uku sun fito ɗaya ta yi dishi-dishi, wani gilashi a ciki ya goce. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ba ni haka ya yi, gefen hagunsa duk laushi, da na shafa bakin da ake ɗaura filta sai na ji lotsawa. Ya taɓa faɗuwa a hannun mai shi na farko. Na ajiye shi gefe.

Tsakanin lafiyayyun biyu, 10-22 ya fi daɗin riƙo, mazauninsa ƙarfe ne, a 10mm ya fi haske da kashi biyu cikin uku na mataki, ga ƙarin milimita 4 a sama. Amma ya girmi ɗayan da shekara goma a ƙira, kuɗinsa ya fi yawa, kuma da na buɗe hotunan a kwamfutar shagon a f/8 ban ga inda ya fi ba. Na ɗauki 10-18, da sharaɗin in ya nuna wani hali cikin mako zan dawo da shi. Abu ɗaya da mai saye ya kamata ya sani: zoben fokas ɗinsa da lantarki yake aiki, in kyamara na kashe ko ka murza babu abin da zai motsa. Kada a ɗauka lalacewa ce.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da ban ba muhimmanci ba a takarda shi ya fi yi mini aiki a fili. Zaure hanya ce. Nan ake shiga gida, nan almajirai ke karatu, nan maigida ke karɓar baƙi. In na kafa sanda a bakin ƙofa na tare gidan gaba ɗaya, matan gida kuma ba za su ratsa ta gaban baƙo ba, sai su tsaya daga ciki suna jira. A wasu gidajen ana ba ni lokaci, a wasu kuwa kunya ba ta barin in wuce 'yan mintoci. A irin waɗannan, hannu ne kawai.

Ga lissafin. Daga f/2.8 zuwa f/4.5 na yi asarar mataki ɗaya da sulusi, wato inda Tokina ya ba ni 1/30, wannan 1/13 zai ba ni. Amma ba tare da na'urar hana rawa ba, hannuna ba ya wuce 1/15 a wannan faɗi. Da ita, in na jingina da bango na riƙe numfashi, ina samun hoto tsayayye a 1/4, mafi yawan lokaci. Canon ta ce mataki huɗu take bayarwa. Ni biyu na dogara da su, kuma biyun sun biya asarar har da ragowa. Ga ɗakin da ba ya motsi, lensin da ake kira mai duhu ya fi mai hasken tara haske a hannuna. In na hau sanda kuwa kashe ta nake yi.

Maigida ya juya shi a hannu, ya ga har mazaunin roba ne, ya ce, "Araha ba ta ado. Wannan ai na 'yan koyo ne." Na ce, "Maigida, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Giram 240 ba ya wahalar da mazaunin roba, abin da ke cinye shi yawan cirewa da sawa ne, ni kuwa ranar aikin soro ba na cire shi. Inda zan yarda da shi: in aikina bidiyon dare ne ko taurari, wannan lensi ba zai kai ni ko'ina ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Hunturu ya kankama. Lensin ba shi da kariyar ƙura, saboda haka a ɗaki nake ɗaura shi kafin in fita, in na dawo in bi shi da buroshi kafin in buɗe komai. Na sa masa filta mai kare gilashi, 67mm, siririya, domin mai kaurin baki na leƙowa a kusurwa a 10mm. Hularsa, EW-73C, ba ta zuwa a kwali, daban na nemo ta, kuma ta rage feshin ƙofa in hasken daga gefe yake.

Filtar da ke ƙara wa sama shuɗi ban saya ba. A faɗin da ya haura digiri 90, wani yanki na sama zai yi duhu wani ya yi fari, ga shi yanzu ma babu shuɗin. Hazon dai ya yi mini rana a ciki: hasken da ke shigowa ta ƙofa ya yi laushi, tazarar waje da ciki ta ragu, har wasu ɗakunan ɗauka ɗaya ta ishe su.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Rufi ya samu hanya. Ina shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin tasar, in kwantar da kyamara a bayanta tana kallon sama, in duba ma'aunin ruwa, in fita waje in danna daga waya ta Wi-Fi don kada ƙafata ta shiga. Daga ƙasa zuwa mita 4, 10mm na kwashe rufin duka har da rabin bango, don haka yawanci a 12 ko 13mm nake tsayawa, inda kusurwa ta fi tsabta. A wannan hoton ne ake ganin tsarin ɗaurin guga sosai, yadda bakuna ke ƙetare juna su raba rufin gida-gida, da yadda aka jera azara a kowane gida.

Na kai wasu Kaduna an buga mini a A3. Na kan sanda a f/8 babu abin cewa har kusurwa. Na hannu a f/4.5 tsakiya lafiya, kusurwa ta ɗan yi laushi da duhu, za su yi a littafi amma ba a bango ba. Daga yanzu in hannu ne zan rufe zuwa f/5.6 in ɗaga ISO zuwa 1600, tsakin da zai fito ya fi mini sauƙi a kan zanen da ya narke.

Bugun ya tono wata matsalar da allo ya ɓoye. Jan ƙasar bango ba ɗaya ba ne daga hoto zuwa hoto, a wani ya yi ruwan goro, a wani ya yi toka-toka, musamman inda farin ƙwan lantarki ya haɗu da hasken ƙofa. Na yi odar katin toka na daidaita launi. Kafin ya iso, zan roƙi masu gida a kashe ƙwai in zan ɗauka, gidajen Kwarbai da na fara da su kuma sai na sake komawa.